BASHIN DA KUTARE SUKE BIN MU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ranar Larabar da ta wuce, da aka tashi daga kasuwar Makarfi, wani dattijo daga wajen Kudan ya same ni a zaure bayan La'asar. Manomin rake ne, mai rufin asiri. Muka gaisa, ya yi shiru, ya sake gaishe ni, na gane dai akwai magana a bakinsa. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗana ne ya samu yarinya a wani ƙauye ta wajen Ikara. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan saran rake. To shekaranjiya sai ƙanwata ta zo da labari, wai kakan yarinyar na wajen uwa kuturu ne, a Saye ma ya ƙare rayuwarsa. Mata sun tayar da hankali a gida, sun ce ba za a kawo mana wannan jinin ba. Ni kuma ina jin kunyar mutanen nan. Shi ne na ce bari in zo in ji, in mun fasa, muna da laifi a wurin Allah?"

Na ce, "Alhaji, ita yarinyar an ga wani abu a jikinta?" Ya ce ko ƙwarzane babu. Na ce uwarta fa? Ya ce lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta tara. Na ba shi amsar da ta sawwaƙa, za ku ji ta nan gaba. Amma bayan tafiyarsa barci ya ƙi zuwa, domin tambayarsa ta tono mini wani mutum da na daɗe ina guje wa tunawa da shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Hunkuyi. Muna yara akwai wata bukka a bakin rafi, can bayan gonakin rake, inda wani tsoho yake zaune shi kaɗai. Kuturun bakin rafi muke ce masa, ban taɓa jin babba ko yaro ya kira shi da wani suna ba. Yatsunsa sun tafi sai dungu, ƙafarsa ɗaya kullum a naɗe da tsumma. Duk dare kakata takan zuba tuwo a wani kwano da aka ware, wanda ko wajen wanke-wanke ba ya haɗuwa da sauran, ta ce in kai masa. Ƙa'idar ita ce in juye a ƙwaryarsa daga tsaye, kada in zauna, kada in sha ruwan randarsa.

Wata rana ya ji labarin na kai izu goma. Ina cikin juye tuwon sai ya miƙo hannu zai shafa kaina ya sa mini albarka. Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle baya ba, miyar ta kife a ƙasa. Bai yi fushi ba, mu da aka ce mana kuturu zuciya gare shi. Murmushi ya yi, ya ce, "Ɗan malam, kada ka ji tsoro, ni na warke tun ba a haife ka ba. Ga takardata." Ya turo mini wani gwangwani da gefen hannunsa. Takardar sallama ce a ciki, wadda likita ya ba shi ranar da ya baro Saye. Ban taɓa gwangwanin ba. Na suri kwanona na ruga gida.

Ranar da ya rasu, liman ya ce wa zai yi wanka, aka yi tsit. Daga ƙarshe mahaifina ya tashi, shi da ladan. Da aka zo addu'a a bakin kabari liman ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, sai na ji sunan mahaifin kakata. Ashe wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da ɗaki a tsakiyar gidanmu a da, da mata, da gona. Da ciwo ya bayyana aka raba auren, aka kai shi Saye, 'yan uwa suka ci gaba da noma gonar. Da ya dawo da takardarsa ya tarar ɗakin ya zama na wani. Aka kafa masa bukka a bakin rafi, manyan gida kuma suka haɗa baki kada yara su san dangantakar, saboda 'yan matan gidan su samu mazan aure.

To kun ji. Da ma'aunin matan gidan Alhaji za a bi, ni mai wannan rubutu da ba a ba ni mata ba, kuma da ba za a auri 'ya'yana ba.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ke nan: yaushe ya halatta jama'a su nisantar da mutumin da bai yi laifin komai ba don su tsare lafiyarsu? In ya halatta, me yake bin su? Kuma yaushe ake cewa ya isa haka, a dawo da shi?

ABIN DA DUNIYA TA YI

Ba mu kaɗai muka kori kutare ba, wasu ma sun fi mu tsanani nesa ba kusa ba. A 1865 masarautar Hawai, wasu tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik, ta yi dokar kama duk wanda aka samu da kuturta. Daga 1866 aka riƙa loda su a jirgin ruwa ana sauke su a Kalaupapa, wani zirin ƙasa a tsibirin Molokai, teku ta gefe uku, dogon dutse ta baya. Kimanin mutum 8,000 aka kai, mafi yawansu can aka binne su, kuma ba a soke dokar ba sai 1969. Tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, wanda muka sani saboda ɗaurin Nelson Mandela, kafin nan an daɗe ana tsare kutare a cikinsa, har zuwa 1931. A 1897 likitocin duniya suka taru a Berlin suka amince cewa warewa ita ce hanya, a 1898 Turawan Ingila suka yi wa Indiya dokar kutare.

Labarin Jafan ya fi tsaya mini a rai. Sun fara doka a 1907, suka tsananta ta a 1931. A sansanoninsu namijin da yake son aure sai an yi masa aikin da zai hana shi haihuwa, mace in ta yi ciki a zubar. Magani ya samu, mutane suka warke, dokar tana nan daram har 1996. A 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke cewa gwamnati ta zalunce su, firaminista Koizumi ya nemi gafararsu, aka biya diyya. Amma wa zai biya mutum shekara hamsin, da 'ya'yan da aka hana shi haifa?

Abin lura a duk waɗannan wurare guda ne. Da tsoron cuta aka fara korar, amma da cutar ta samu magani korar ba ta tsaya ba. Kora tana da saurin farawa, tana da wuyar ƙarewa.

MU KUMA FA?

Kafin zuwan Turawa, kutare a ƙasar Hausa cikin gari suke. Suna da unguwanninsu a manyan birane, suna da Sarkin Kutare kamar yadda makafi suke da Sarkin Makafi, yana sasanta su, yana kai kukansu fada. Wani likita Bature mai suna Tonkin, wanda ya zo Kano tare da Robinson a tsakiyar shekarun 1890, ya rubuta yadda ya ga kutare da yawa suna cuɗanya da sauran jama'a ba tare da an tsare su ba.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Zaman cikin gari bai hana raini ba, harshenmu ma shaida ne. In abu ya zo da sauƙi mu ce ƙwace goruba a hannun kuturu. In mutum mai saurin fushi ne mu ce zuciya kamar kuturu. Ko da muka tashi yaba masa, sai muka ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, wato kuɗin ne suka sa aka yarda hannunsa ya shiga kwanon. Mafi muni, mun jingina masa zunubi. Mun taso muna jin cewa wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya shi ke kuturcewa, ko ɗan da aka samu cikinsa lokacin haila, ko wanda tsaka ta faɗa wa abinci. Ka ga an haɗa wa bawan Allah ciwo da tuhuma.

Da Turawa suka zo, suka kawo tsarin sansani. An buɗe na Itu a 1928, na Garkida a 1929, na Uzuakoli a 1932. A ƙarshen shekarun 1930 En'e-En'e na Arewa suka miƙa sansanonin larduna ga 'yan mishan, ƙungiyar SIM ta karɓi na Kano, wato Yadakunya da Kanawa ke kira Bela, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Nijar aka buɗe na Danja ta kusa da Maraɗi, ba Danjar nan maƙwabciyarmu ba. Mu mutanen ƙasar Zazzau, daga Ikara, daga Paki, daga Gubuchi, daga Likoro, Saye ta kusa da Zariya ita ce tamu. Har yau in ka ce an kai wane Saye, tsofaffinmu sun san me kake nufi.

A yi adalci, mafi yawan waɗanda suka shiga waɗannan wurare a Arewa ba da ankwa aka kai su ba. Neman magani ya kai wasu, wasu kuma gida ne ya ƙi su. Hannun da ya tura su namu ne. A can sun yi noma, sun yi aure a tsakaninsu, sun sha allurar man wata bishiyar Indiya mai azabar zafi wadda amfaninta kaɗan ne, kuma jaririn da aka haifa sau da yawa akan raba shi da uwarsa a raine shi daban. Wasu sun bar Musulunci a can, mukan faɗi wannan da ɗaci. Amma in mun gama jin ɗacin mu tambayi kanmu: lokacin da baƙuwar da ta ƙetaro teku take durƙusawa tana wanke masa gyambo, ina ɗan uwansa Musulmi yake? Yana gida yana noma gonarsa.

ME SHARI'A TA CE?

Duk wanda ka yi wa wannan magana, abin da zai fara kawo maka shi ne hadisin Bukhari da ya yi umarni a guje wa kuturu kamar yadda ake guje wa zaki. Hadisi ne ingantacce, ba mai musu. A Muslim kuma an ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙif akwai mai kuturta, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar (RA) ya ga wata mace mai kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta kada ta cutar da mutane. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa kuturta cikin uzurin barin Juma'a da jam'i. Duk wannan yana nan, ba zan ɓoye shi ba.

Amma shi wannan hadisin na Bukhari, farkonsa kore ɗaukar cuta ya yi. Malamai irin su Ibnus Salah suka haɗa su da cewa cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta, Allah ne Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kuma an umarce mu da riƙo da sababi. Ke nan nisantar tana da dalili guda, shi ne tsare lafiya. Ba a ce mutumin najasa ne ba, ba a ce la'ananne ne ba, ba a ce zunubinsa ne ya kama shi ba. Mutumin Saƙif ya koma gida da cikakkiyar mubaya'a, sahabi kamar kowane sahabi.

Yanzu ku ji ɗaya ɓangaren, wanda ba kasafai muke karanta wa mutane ba. Akwai sahabi mai suna Mu'aiƙib ɗan Abi Faɗima (RA), shi ke riƙe da hatimin Annabi (SAW). Kuturta ta kama shi. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suka ɗora shi a kan baitulmali, Umar ya nemo masa masu magani suka yi masa aiki da wani irin guna mai ɗaci har ciwon ya tsaya, an kuma ruwaito yana shan ruwa a ƙwarya ɗaya da shi. Umar ɗin da ya ce wa waccan mata ta zauna a gida, shi ne dai wannan. Kuma da ya je Jabiya a ƙasar Sham ya wuce wasu kutare Kiristoci, ya yi umarni a yanka musu abinci daga dukiyar jama'a. Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, da ya hana kutare yawo cikin mutane sai ya yanka musu abin da za su rayu da shi, don kada su yi bara.

In ka haɗa waɗannan duka, abin da na fahimta shi ne shari'a ta yarda a nisantar da mara lafiya, amma da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, cutarwar ta tabbata da faɗar masana. Jita-jitar ƙanwar Alhaji ba ta isa hujja ba.

Na biyu, a tsaya gwargwadon buƙata. Lalura ana auna ta da gwargwadonta. In raba shimfiɗa ya isa, ba a korar mutum daga gida. In zaman gida ya isa, ba a kai shi bakin rafi.

Na uku, jama'a su ɗauki nauyinsa. In hukuma ta karɓi gonarka don a yi hanya, diyya take biyan ka, domin kai ka yi asara kowa ya amfana. To wanda ya bar ɗakinsa da matarsa da sahunsa a masallaci don ni da kai mu zauna lafiya, me ya fi wannan? Mai bin bashi ne. Tuwon da kakata take aikawa, mu muna ɗaukarsa sadaka, ashe ɗan abin da ya sawwaƙa ne daga bashin da ba mu biya ba. Gonarsa tasa ce, gadonsa nasa ne, ciwo ba ya cikin abubuwan da ke hana gado.

Na huɗu, in dalili ya gushe hukunci ya gushe. Wannan ƙa'ida ce da kowane ɗalibin usulu ya sani. A nan ne duniya ta faɗi, a nan ne gidanmu ya faɗi.

DALILIN YANA NAN KUWA?

A 1873 wani likita a Bergen ta ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta, a lokacin da manyan likitoci suke cewa gadon ta ake yi. Ba a gadon ta. Abin da ya sa ake ganin ta a gida ɗaya shi ne doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, ta hanyar abin da ke fita daga hanci da baki. Ko a hakan, kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya kama ta. Gaisawa, zama kusa a mota, tsayuwa a sahu ɗaya, waɗannan ba su ne hanyarta ba.

An fara samun magani mai aiki a Carville ta Amurka a 1941. A ƙarshen shekarun 1940, a nan Nijeriya, a Uzuakoli, likita John Lowe ya nuna za a iya shan ƙwayar dafson da baki, mai arha, aka kuma baza ta a ƙauyukan Arewa a shekarun 1950. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo tsarin haɗa magunguna uku, dafson da rifamfisin da kilofazimin, waɗanda yanzu ake shan su wata 6 ga mai ƙaramar cuta, wata 12 ga mai babba. Tun 1995 kyauta ake ba da shi. Da zarar mutum ya fara sha ya daina yaɗa cutar.

Ga inda muke tafka kuskure. Ita ƙwayar jijiyoyi take kamawa, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga kan murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ƙaya ta shige shi ya wuni yana takawa, ciwon ya ruɓe, yatsa ya tafi. Dungun da kake gani a bakin kasuwar Makarfi ko a Tashar Yari sawun ciwon da ya riga ya wuce ne, in mai shi ya gama maganinsa. Wanda zai iya sa maka ita kuwa, sau da yawa yatsunsa goma cif, yana ɓoye wani tabo a ƙarƙashin riga, kuna cin tuwo kwano ɗaya. Cutar tana iya kwanciya shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta nuna. Muna gudun wanda ya warke, muna rungumar wanda tsoronmu ya hana shi zuwa asibiti.

Wani zai ce, Malam, kana so ka soke hadisi da maganar likita? A'uzubillahi. Hadisi yana nan a kan wanda cutar take jikinsa bai yi magani ba, kuma mafi kyawun aiki da shi a yau shi ne a kai shi asibiti da wuri. Wanda ya warke ba ya cikin wannan hukunci. Tsofaffinmu da suka yi agana, zanzana ta zauna a fuskarsu har mutuwa, wa ya taɓa gudunsu? Wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, wa ya ware masa kwano?

Wani kuma zai ce, ni dai raina ne ba ya so, ba zan iya ba. To wannan gaskiya ka faɗa, kuma ba a kama bawa da abin da ɗabi'arsa ta ƙi. An kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba saboda ransa bai so, amma bai haramta wa kowa ba, aka ci a gabansa. Ƙyamarka taka ce, ka yi fama da ita tsakaninka da Ubangijinka. Abin da ba ka da iko shi ne ka mayar da ita hukunci a kan wani, ka hana shi sahu, ka hana shi gado, ka hana jikarsa aure, sannan ka ce addini ne.

Kuma korar nan har yau tana cin mutane. Nijeriya ta kai matakin da ake cewa an shawo kan kuturta a 1998, amma har yanzu ana samun sama da mutum 2,000 sababbi duk shekara, har da yara. Da yawansu ba sa zuwa sai hannu ya riga ya ƙandare. Me ya tsayar da su? Yarinya ta ga tabo a cinyarta, uwa ta ce rufe, kada a ji, an kusa kawo lefe. Sai a yi ta jiƙe-jiƙe shekara uku. Duk ranar da muka fasa wani aure saboda kaka, mun koya wa gidaje goma su ɓoye nasu. Yatsun da za su zube a waɗannan gidaje, muna da kamasho a ciki.

AMSAR DA NA BA ALHAJI

Na ce masa aure zaɓi ne, ba mai tilasta wa ɗanka. Risala ta ambaci aibobin da ake mayar da aure saboda su, kuturta tana ciki, amma a jikin wanda aka aura, ba a jikin kakansa ba. Yarinyar nan ba ta da komai, uwarta ba ta da komai, kuma ciwon ba ya bin jini. In hankalinku bai kwanta ba, yadda ake zuwa gwajin jini kafin ɗaurin aure, a duba su su biyun, har da ɗanka. Amma in kuka fasa a kan wannan dalili, kafin kasuwa ta zagayo duk yankin Ikara an ji, ita da ƙannenta kun kafa musu bukka a bakin rafi suna zaune a gidan ubansu. Wannan shi ne abin da za a tambaye ku.

Sannan na ba shi labarin da na ba ku. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Malam, har da kai?" Na ce har da ni. Ya ce zai koma ya zauna da ƙanwarsa, don a wajenta maganar ta fi zafi. Ku taya su da addu'a.

Ga roƙona gare ku. Duk wanda ya ga tabo mai haske ko ja-ja a fatarsa, kamar ƙyasfi amma ba ya ƙaiƙayi, in an shafa masa auduga ba ya ji, ko yake jin yatsunsa suna mutuwa, ya je asibitin gwamnati mafi kusa, a Ikara ne ko Makarfi ko Hunkuyi, ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta, kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Saye ɗin da ake tsoratar da mu da ita, yau cibiyar ƙasa ce ta horas da ma'aikatan wannan fanni, ana zuwa a duba mutum ya dawo gida. 'Yan uwana limamai, mu faɗi wannan a kan mumbari. Wanda yake noma gonar wani da aka kora, ko ya ci gadonsa, ya nemi magadansa tun kafin ranar da babu naira. In ka haɗu da mai dungu ka yi masa sallama, ka tambayi sunansa, ka kira shi da shi. In ya rasu kada a yi tsit.

Da mahaifina ya rasu muna kwashe littattafansa, na ga gwangwanin nan a bayan gafaka. Takardar ta yi ja, gara ta ci gefenta, amma hatimin yana nan. Na karanta ta, bayan shekara kusan arba'in da aka miƙo mini.

Allah Ya jiƙan kakana na bakin rafi, Ya sa ciwonsa kaffara ne, Ya yafe mini hannun da na ƙi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da zaluntar wanda ba shi da mai kare shi sai Shi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne. Wallahu a'alam.